Ba kauri ne ke nuna man da ya dace da aksul ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin direbobi da makanikai kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu, wato zaɓen man aksul ta hanyar murza shi tsakanin yatsu, a ce wanda ya fi kauri shi ya fi nagarta.

A motocin da ke ja da ƙafafun baya, irin su Hilux da Hiace da manyan motocin dakon kaya, farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyin inji zuwa baya, ita ce ke juya wani ƙaramin haƙori, shi kuma ya juya babban faifai mai haƙora da ke cikin aksul. Da yake an dasa ƙaramin ne ƙasa da tsakiyar babban, haƙoran suna gogar juna ne cikin matsi mai tsanani, har man da ke tsakaninsu ya kan matse ya fice. Abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a wannan lokaci shi ne sinadaran farar wuta da fosfaras da ake haɗawa cikin man giya, wato man da ake zuba wa aksul da akwatin giya, waɗanda idan wurin ya yi zafi suke yi wa haƙoran wani siririn rufi. Su ne ke ba man giya warinsa mai hawa kai, amma yatsa ba ya iya auna yawansu.

Alamar da ke nuna wannan tana jikin galan. Cibiyar harkar man fetur ta Amurka, wato API, ta kasa man giya aji-aji, kuma ajin da aka tanada wa irin wannan aksul shi ne GL-5. Shi kuwa GL-4 sinadaransa ba su kai haka yawa ba, kuma galibi akwatin giya na hannu ne ke buƙatarsa, domin a cikinsa akwai zobban tagulla da ƙarfin GL-5 zai iya cinyewa a hankali, har giya ta fara gardamar shiga. Saboda haka makanikin da ke ɗura mai guda a akwatin giya da aksul ba tare da duba littafin mota ba yana iya gyara ɗaya ya ɓata ɗaya. Motoci irin su Golf da ke ja da ƙafafun gaba ba su cikin wannan lissafi, tunda nasu haƙoran aksul suna haɗe da akwatin giya.

Sai bayan an tabbatar da aji ake maganar kauri. Lamba 80W-90 ta wadatar da yawancin ƙananan motoci, 85W-140 kuma ta fi dacewa da motar da ke ɗaukar kaya masu nauyi a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri, muddin kamfanin da ya ƙera ta ya yarda da hakan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai, ta yadda man giya mai lamba 90 kusan kaurinsa ɗaya da baƙin mai mai lamba 40 ko 50. Daga nan ne wasu ke ganin ba laifi su cika aksul da baƙin mai, wasu ma, abin takaici, da wanda aka juye daga inji. Motar za ta yi tafiya lafiya na ɗan lokaci, daga baya a fara jin kuka daga ƙarƙashinta, kuma idan haƙora suka riga suka ci, babu man da zai mayar da su.

Masu aksul mai alamar LSD, wato wanda ke rage juyin banza na ƙafa ɗaya a wurin santsi, su nemi man da aka rubuta wa hakan, in ba haka ba motar za ta riƙa karkarwa a kwana. Haka kuma duk wanda ya ratsa ruwa mai zurfi a damina ya kamata ya sa a kwance notin aksul a duba, domin ruwa na shiga ta ƙofar shan iska, ya mai da man kamar koko.

Ina kira ga ƙungiyar makanikai ta NATA da ta sa karanta waɗannan alamomi cikin abin da ake koya wa yaran gareji, hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki kuma ta ƙara sa ido kan man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro a kasuwannin kayan mota, wanda mai saye ba shi da hanyar sanin ajinsa.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano