Wasiƙa zuwa ga 'yata likitar fisiyo

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, maganar da muka yi ta waya ce ta tsaya mini a rai. Kin ce abokan aikinki sun nemi ki riƙe muƙamin sakatariyar reshen ƙungiyarku kin ƙi, har kina tunanin daina biyan kuɗin shekara, tunda a ganinki ƙungiyar ba ta tsinana miki komai sai taro da takardu. Na yi shiru a lokacin saboda na ji gajiya a muryarki, amma ban gamsu ba.

Mutuncin da sana'arki ta fisiyo, wato jinya ta hanyar gashi da motsa jiki, take da shi a yau wasu ne suka sha wahalar nemo shi. A 1894, lokacin da aikin tausa ya yi ƙaurin suna a Ingila har ana danganta shi da masha'a, ma'aikatan jinya mata huɗu suka kafa ƙungiya, suka tsara jarrabawa da ƙa'idojin aiki domin a bambance mai ilimi da ɗan damfara, kuma wannan ƙungiyar ce ta zama Chartered Society of Physiotherapy, wato ƙungiyar masu aikin fisiyo ta Birtaniya. A Amurka ma mata ne suka kafa tasu a 1921, Mary McMillan ta zama shugabarta ta farko, bayan hidimar da suka yi wa sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1951 ƙungiyoyin ƙasashe 11 suka haɗu a birnin Kwafanhagen suka kafa ta duniya, wadda yanzu ake kira World Physiotherapy. Duk ƙwarewar hannun waɗannan mutane, da kowa ya tsaya a ɗakin aikinsa, da babu hukumar da za ta saurare su.

Kin tuna watannin da na yi ina zuwa gashi bayan ɓarin jikina ya shanye. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda shugabar sashen take aiki. Ranar da aka fara tsayar da ni tsakanin ƙarafan riƙewa, ɗalibin da ke tallafe da ni ya sa hannunsa inda bai dace ba, gwiwata ta fara lanƙwashewa. Ba ta ture shi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta kama hannunsa ta mayar da shi kan ƙuguna, ta ce masa ya ci gaba, sai da na zauna sannan ta ja shi gefe. Da na yaba mata, ta ce a kwamitin ƙungiya ta koyi gyara wa mutum ba tare da ta kunyata shi ba, domin a can babu wanda take biya albashi, ba kuma wanda za ta tilasta wa.

Wannan makarantar ce aka buɗe miki. Sakatariya ce ke rubuta abin da aka tattauna ta yadda masu saɓani biyu za su karanta kowa ya ce an yi masa adalci. Ita ce ke rubuta wa hukumar asibiti takardar neman kayan aiki, ta jera yawan marasa lafiya da tsawon jiran da suke yi, maimakon ƙorafin baki. Na san akwai masu shiga domin neman suna, akwai kuma ɓangaranci, kada ki bari su ja ki. Kuɗin jama'a kuwa, kome ƙanƙantarsa, ki rubuta shigarsa da fitarsa. Ki nemi wata babba a cikinku ki riƙa shawara da ita, kuma kada taro ya ci lokacin mara lafiyar da ke jiranki.

Ki koma musu ki ce kin amince, ko da na wa'adi ɗaya ne. Idan reshenku ya shirya taron ranar fisiyo ta duniya a 8 ga Satumba, ki sanar da ni da wuri, zan zo da sandata in zauna a sahun gaba.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.