Wasiƙa daga Kalgari ta Kanada: Amsar tambayar Yaya kan filin tsalle a dusar ƙanƙara

Zuwa ga Yaya, a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shagon walda. Ka duƙa mini gaban Baba da Inna, ka ce musu ina nan ƙalau. Allah ya sa shinkafar rani ta kama a fadama.

Ka ce bidiyon masu zamiya da tsalle a kan dusar ƙanƙara da yara suka nuna wa Inna ya tayar mata da hankali, kai kuma ƙarafan da ake zamewa a kansu ne suka ja idonka. Ka gaya mata ni cikin masu gyaran filin nake, da shebur da manjagara, ba cikin masu tashi sama ba. Sauran bayanin naka ne.

Masu wasan iri biyu ne. Akwai masu allo biyu sirara, ɗaya a kowace ƙafa, da sanduna a hannu. Akwai masu allo ɗaya mai faɗi, ƙafafu biyu ɗaure a kansa, suna tafiya a kaikaice. A da ba sa ga maciji da juna. A shekarun 1980 wuraren zamiya da dama sun hana masu allo ɗaya shiga, ana ganinsu 'yan iskan gari, kuma har yau akwai wurare uku a Amurka da ba su ɗage hanin ba: Alta, Deer Valley da Mad River Glen. Sai a 1998 allo ɗaya ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan, wasan bin jerin tsalle da ƙarafa kuma ya shiga a 2014 a Sochi ta Rasha. Yanzu layi ɗaya suke bi.

Duk abin da ka gani a filin ginawa ake yi. Galibin dusar ma ta inji ce: ana fesa ruwa da iska mai ƙarfi, ya daskare kafin ya faɗo, kuma ba ya yiwuwa sai sanyi ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili ko ya zarce. A tara ta tsibi-tsibi, a bar ta kwana ɗaya ko biyu ruwan cikinta ya tsane. Wanda ya yi gaggawar tura ta da jiƙonta, washegari zai tarar da ƙanƙara zalla mai santsi wadda manjagara ba ta kamawa. Da dare katafila mai faffaɗan sarƙa, irin su PistenBully da Prinoth, take tura tsibin ta fitar da siffar tudu, da safe mu bi da hannu.

Tudun tsalle sassa biyar ne, kuma a nan rai yake. Akwai gangaren ɗaukar gudu, sai matashi wato hawan da ke cilla mutum sama, mai leɓe a ƙarshensa, sai teburi wato shimfiɗaɗɗen wurin da ake tsallakewa, sai gwiwa inda teburin ya karye ya fara gangara, sai gangaren sauka. A manyan tudai gangaren saukar yana kai digiri 30 ko ɗan fiye. Dalili kuwa, mutumin da ke faɗowa daga sama yana tafe ne a karkace, in ƙasar da ta tarbe shi ita ma a karkace take, nauyinsa zai bi gangaren ya wuce a maimakon ya dake shi. In gudunsa ya gaza, a kan gwiwar zai dira, ƙafafu da ƙugu su sha. In gudun ya yi yawa, ya tsallake gangaren gaba ɗaya ya faɗa kan shimfiɗar ƙasa, wannan ne ke karya baya. Saboda haka tsawon teburi da tsayin leɓe da tsawon wurin ɗaukar gudu dole su yi daidai da juna, ba a taɓa ɗaya a bar sauran. Teburin 'yan koyo bai wuce mita 2 ko 3 ba, na gwanaye yana haura mita 15.

Matsalar ita ce gudun dusa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tudun da ya yi daidai da hantsi, da azahar rana ta narkar da saman dusar ta riƙe allo, da la'asar inuwa ta rufe ya koma gilashi. Nan Kalgari akwai wata iska mai ɗumi da ake kira Shinuk, takan gangaro daga duwatsun Roki ta ɗaga zafi da digiri goma ko fiye cikin 'yan sa'o'i. A irin ranar nan gishiri muke watsawa a kan matashi: ya narkar da ɗan saman, ya zuƙe zafin, dusar ta ƙara tauri. Manjagara kuma daga ƙasa zuwa sama ake janta, kamar mai yaɓen bango, a cike kwarin da alluna suka haƙa, domin kwari ɗaya a bakin leɓe ya isa ya jefa mutum sama a juye. Ranar da gari ya yi hazo, fari ya haɗe da fari, sai mu ja layin shuɗin rini a leɓe da gwiwa don ido ya rarrabe.

To ga naka fannin. Ƙarafan bututu ne na baƙin ƙarfe, wasu zagayayyu masu kaurin inci 2 zuwa 4, wasu masu kusurwa huɗu, tsawonsu daga mita 3 zuwa 9 ko fiye. Akwai miƙaƙƙe, akwai mai gangara, akwai mai lanƙwasa a tsakiya. Akwai kuma akwati, firam ɗin ƙarfe da aka shimfiɗa wa farantin roba mai tauri da santsi, shi 'yan koyo ke farawa da shi don faɗinsa. Abu uku ake dubawa kowace safiya. Mahaɗar walda a saman ƙarfe sai an goge ta ta yi sumul, ko tsini kamar ƙwayar gero ya rage zai kama gefen allo ya kifar da mutum a fuska. Kusoshin robar sai sun nutse ƙasa da samanta, don roba tana motsi da sanyi da zafi, kan kusa ya leƙo. Ƙafafun ƙarfen kuma a binne su, a danne dusa a bar ta ta daskare, a rufe gefen da katako ko roba kada bakin allo ya kutsa ƙarƙashi. Su ma masu wasan sukan sa magagari su dakushe kaifin gefen allonsu, sai dai allon da aka dakushe ba ya riƙe ƙanƙara a gangare, shi ya sa mai hali yake ajiye biyu.

Wancan dogon kwari mai bango biyu da yara suka ce ya yi kama da rabin bututu, bangon na gasa ƙafa 22 ne, kusan mita 6.7, wani inji mai lanƙwasasshen hannu ke yanka shi. Tsadarsa ta sa wurare kaɗan ne ke da shi.

Ladabin filin ba a wasa da shi. A ƙofa akwai alama ruwan lemo, kowane tudu da harafin girmansa: S, M, L, XL. Ba a tsallake tudu sai an fara bi ta gefensa an duba, an kuma kalli daga inda wasu ke ɗaukar gudu. Mai shirin gangarowa ya ɗaga hannu ya yi kira, a bar masa layi. Wanda ya faɗi ya yi maza ya bar gangaren sauka, domin na sama ba ya ganinsa. In ba ya iya tashi, abokinsa ya hau gaban matashi ya gicciye alluna ko hannuwa, alamar an rufe, har masu sintirin ceto su zo da gadon ja. Masu allo ɗaya wuyan hannu suka fi karyawa, saboda tokare ƙasa da tafi. Masu allo biyu jijiyar gwiwa ce ke tsinkewa, musamman in sun dira nauyinsu a baya. Hular kwano tana rage rauni, ba ta kawar da shi. Sarah Burke, 'yar Kanada da ta yi fafutukar shigar da wasan rabin bututu na masu allo biyu cikin Olamfik, a wurin atisaye ta faɗi a Park City ta Amurka a Janairun 2012, ta rasu kafin ta ga an fara shi a 2014.

A ganina, ɗan koyo da gwani duk da sauƙi. Mai rabin iyawa wanda abokai suka saita wa waya suna zuga shi, shi ne abin tsoro. Juyi uku a sama da ake kira 1080, masu yinsa sun fara ne a kan katifar tsalle da jakar iska, sannan 180 wato rabin juyi, sannan 360 wato juyi ɗaya, shekara da shekaru. Wannan sashen ka karanta wa yara da kyau, kada wani ya ɗauki ƙyauren langa-langa ya nufi gangaren gulbi.

Zan turo maka hotunan ƙafafun ƙarfen ta WhatsApp da ma'auni a jikinsu, ka duba yadda suke tokare su ka gaya mini ko da kai ne haka za ka haɗa. Kuɗin maganin Baba kuma za su shigo ƙarshen wata in sha Allah, ka sanar da ni in sun iso.

Wassalam,
ƙaninka.