Wai haihuwa kyauta ce? Martani kan shirinku na daren Laraba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon nan naku na shirin rediyo na daren Laraba ya ɓata min rai matuƙa. Wai matan Zango ba sa zuwa awon ciki saboda jahilci, alhali komai kyauta ne. Mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake yi, ya kasa tambayarsa ko ya taɓa raka mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Ba mu manta ba. Mun san zamanin da sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa maras lafiyarka. Mun san an kawo inshorar lafiya nan Ghana a 2003, kuma a 2008, zamanin Shugaba Kufuor, aka ce mai ciki ta yi rajista kyauta, awo da haihuwa duk gwamnati ta ɗauka. Mun yi murna, mun yi addu'a. Amma Malam, a zo a ga yadda abin yake a ƙasa.

Ni na raka surukata awo har ta sauka. Katin inshorarta yana aiki, littafin awonta na hannu. Hoton ciki, aka ce na'urar ta lalace, mu je waje mu biya. Gwajin jini, rabi a ciki, rabi a waje. Maganin ƙarin jini, babu, aka rubuta mana takarda muka nufi kemis. Da wata ya kusa sai aka miƙo mana jerin kayan haihuwa: Dettol, sabulu, ruwan wanke ƙasa, ledar shimfiɗa, auduga, har safar hannun da ungozoma za ta sa. In aka rasa abu ɗaya, a gaban mutane za a daka wa yarinya tsawa tana murƙususun ciwo. Ɗana tela ne a Aboabo, sai da ya ci bashi kafin a sallame su. Ina kyautar take?

Matar da ke sayar da koko da ƙosai, in ta tafi awo tun asuba ta zauna a benci har azahar, cinikin ranar ya tafi, ga kuɗin pragya, wato keke mai ƙafa uku, zuwa da dawowa. In ta fasa zuwa wata mai zuwa, lissafin abin da yara za su ci ta yi. Kada a sake kiranta jahila a rediyo. Ku leƙa ranar awon yara ku gani, mu ne muke cika wurin da goyo, muna jiran riga-kafi a cikin rana.

Akwai nas-nas masu tsoron Allah, wallahi akwai. Sashen uwa da jariri da aka buɗe a asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi a 2018 ma abin godiya ne. Amma ku dawo da baƙon nan, ku zaunar da shi da mata daga Sawaba da Asawase da Sabon Zango, kowace ta zo da rasit ɗinta, ya faɗi maganarsa a gabansu.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Kullum ku ce a kira, mu kira ba ya shiga, sai muryoyin mutanen nan da muka saba ji, kuma duk maza. Tallan maganin gargajiya ya cinye rabin shirin.

Wassalam.
Wata kaka daga Aboabo, Kumasi