Wasiƙar Godiya ga Likitoci da Ma'aikatan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, Barnawa, Kaduna

Assalamu alaikum.

A madadin iyalanmu nake miƙa godiya kan yadda kuka kula da mahaifinmu. Mun kawo muku shi hannu na rawa, yana jan ƙafa, yana ganin yara a ɗaki alhali babu kowa. Yau ya yi hira tsaf, gobe ya kasa gane jikokinsa. A unguwa har an fara cewa sammu ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gaskiyar da kuka faɗa mana. Yayanmu ya samu labarin wani hoton ƙwaƙwalwa da ake kira PET mai nuna amiloid, wani furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, har ya yanke shawarar a sayar da fili a kai Baba Indiya. Likita ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. A da, sai bayan mutum ya rasu ake iya ganin wannan taruwa. A 2004 masana suka fitar da rahoton ganin ta a rayayyun mutane, a 2012 kuma Amurka ta amince da sinadarin florbetapir, wanda ake yi wa mutum allurarsa kafin ɗaukar hoton. Idan ba a ga amiloid ba, da wuya Alzheimer ce. Amma ganinsa bai yanke hukunci ba, domin akwai tsofaffi masu cikakken hankali da ke ɗauke da shi. Haka kuma ana yawan samunsa a masu cutar mantuwa ta Lewy, dangin Parkinson, wadda alamomin Baba suka fi kama da ita. Ya ce ko an je an dawo, kulawar da za a ba shi ba za ta sauya sosai ba.

Kun sa an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI don tabbatar da cewa ba ƙari ko shanyewar jiki ba ne. Kun kuma ja mana kunne sosai kan haloperidol, wani maganin taɓin hankali, saboda yana iya yi wa masu irin wannan cuta mummunar illa. Wannan gargaɗi kaɗai, a ganina, ya isa a gode.

Ma'aikatan jinya ma ba a bar su a baya ba. “Baba, sannu da zuwa” suke ce masa, su jira ya gama magana ko da ta yi tsawo. Umma ta ce lallai in ambaci wannan.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku haƙuri da majinyata.

'Yar wani majinyacinku,
Tudun Wada, Kaduna