Takardar Koke Kan Baƙin Ƙwari da Ciyayi Masu Mamaye Gonaki da Ruwaye

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu manoma da masunta da makiyayan wannan yanki ne muka haɗa kai muka kawo kuka. Idan baƙon ƙwaro ko baƙuwar ciyawa ta ɓulla, talaka bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ranar ba. Kafin labari ya hau sama, umarni ya sauko, abin ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe.

Tsutsar nan mai cin masara daga nahiyar Amurka ta fito. A farkon 2016 aka tabbatar da ita a Afirka ta Yamma, zuwa 2018 ta game kusan duk ƙasashen kudu da Sahara har ta tsallaka Indiya. Uwarta da dare take tashi, tana iya cin kilomita 100 kafin gari ya waye. Ita tsutsar tun tana ƙarama a kan ganye ake cin galabarta. Da zarar ta girma ta shige zuciyar masara, feshi ba ya isa gare ta sosai, sai asarar kuɗin magani. A 2016 ɗin ne kuma wata baƙuwar tsutsa da ake kira sharon ta cinye tumatir a Arewa har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci. Masu lambu suka yi ta ƙara magani a kan magani, ƙwaron kuwa ya saba da shi.

A ruwa ma haka. Baƙuwar kainuwa da ta fito daga Kudancin Amurka tana iya ninka kanta cikin mako biyu, ta rufe fuskar ruwa, kifi ya rasa iska, kwalekwale ya rasa hanya. Kachala kuwa, a yi mata adalci, ba daga wata uwa duniya ta zo ba. Madatsun Tiga da Challawa ne suka sauya tafiyar ruwa, ya daina janyewa da rani, ta samu wurin zama ta toshe magudanan fadamar Hadeja da Nguru. Abin da lauje zai iya gamawa da farko, yanzu sai da manyan injina.

Saboda haka muna roƙo a ware jami'i guda da lambar waya guda, a sanar da masu unguwanni da dagatai, domin duk wanda ya ga abin da bai sani ba ya aika hoto nan take. Malamin gona ya iso wurin cikin kwana 3, ya ɗauki samfur ya miƙa wa jiha da hukumar killace kayan gona ta ƙasa. Wannan ba zai yiwu ba sai an ajiye kuɗinsa tun a kasafin shekara, don malamin da babu mai a babur ɗinsa ba ya zuwa ko'ina.

Muna kuma roƙon kansiloli su yi doka: kada a shigo da dashen tumatir ko wani tsiro daga inda annoba ta ɓulla sai an duba, kuma a wanke jirgi da koma a shanya su kafin a sauya musu ruwa. Aikin gayya namu ne, a shirye muke, a ba mu kayan aiki kawai.

Muna fatan a kira mu zama kafin saukar damina. Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora.

Mu ne naka,
Wakilan manoma, masunta da makiyaya.