Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Aikin Binciken Musabbabin Mutuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso mu cewa an ɗora maka aikin korona, wato mai binciken musabbabin mutuwa, a gundumar da kake zaman majistare, ƙari a kan shari'un da ke gabanka. Sai da na zauna na kwantar wa mahaifiyarka da hankali, domin tana jin kalmar ta ɗora hannu a ka, ta zaci wajen masu cutar nan da ta hana mu jam'i a 2020 aka tura ka. Ban ga laifinta ba, don kalmomin biyu tushensu ɗaya ne, daga sunan kambin sarauta a harshen Latin. Na kuma ji a muryarka cewa ka ɗauki abin a matsayin jakar da aka rataya maka don babu mai so, shi ya sa na ga gara in rubuto maka da hannuna, tunda na shafe mafi yawan shekarun aikina ina rijistara a kotunan majistare, takardun mamata da yawa sun bi ta teburina.

Korona ba ya ɗaure kowa kuma ba ya sakin kowa. Tambayoyi huɗu aka ɗora masa: wane ne mamacin, yaushe ya mutu, a ina, kuma ta wace hanya ajalin ya zo masa. A zaman da za ka yi babu mai ƙara babu wanda ake ƙara, kuma wannan ne zai fi ba ka wuya da farko, saboda ka saba ka jingina a kujera lauyoyi biyu su yi ta fafatawa kai kana rubutu. A nan kai ne mai tambaya, kai ke aika sammaci, kai ke rantsar da shaidu, abin da ba ka tambaya ba kuwa babu mai tambaya a madadinka. Mutuwar da za a kawo maka ita ce ta farat ɗaya wadda ba a san dalilinta ba, da ta hatsari, da wadda ake zargin hannun wani a ciki, da gawar da aka tsinta a daji ko a rijiya, sai kuma mutuwar wanda ke tsare a hannun hukuma, a caji ofis ko a gidan yari. A zamaninmu 'yan sanda ke cika fom na B su kai rahoton mutuwar, korona ya sa hannu a fom na C ya umarci likita ya binciki gawar, likita kuma ya dawo da abin da ya gani a fom na D.

Asalin muƙamin daga Ingila ne, a 1194, zamanin Sarki Richard na Ɗaya, kuma ba tausayin mamata ne ya kawo shi ba. Baitulmalin sarki ne ya bushe, aka naɗa mutanen da za su riƙa bin mace-mace suna tabbatar da cewa tara da dukiyar da ta zama rabon sarki ba su salwanta ba. Turawan mulki suka zo mana da shi, ya zauna cikin kundin dokokin Arewa na 1963, daga baya jihohi suka gaje shi. Legas ta sake tata dokar a 2007, ta sa alƙalin babbar kotu ya shugabanci korononinta. Mu a nan dokar tana nan a rubuce, amma ta daɗe tana barci, kuma dalilin barcin nata shi ne ainihin abin da nake so mu tattauna.

Mu mutane ne masu gaggauta sutura. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Wannan umarnin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ce a gaggauta jana'iza, kuma ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Saboda haka ranar da dattawa biyar za su tsaya a ƙofar ofishinka, ɗaya riƙe da likkafani a cikin leda, an riga an haƙa kabari, suna cewa ranka ya daɗe a taimaka a ba mu gawarmu, kada ka dube su a matsayin masu hana ruwa gudu. Haƙƙinsu suke nema. Ko a Ingila, a 2018, wata ƙungiyar jana'iza ta Yahudawa ta kai koronar wani yanki na arewacin Landan ƙara saboda ta ce gawa sai ta bi layi, ba za ta gabatar da kowa don addininsa ba, kuma babbar kotu ta soke wannan ƙa'idar tata. Idan can an gane haka, kai da ka tashi cikinmu ba ka da uzuri.

Abin da na lura da shi kuwa shi ne, jinkirin da ake ɗora wa doka mafi yawansa na mutane ne. Binciken gawa a hannun likitan da ya san aikinsa sa'o'i kaɗan ne. Abin da ke cin kwana uku shi ne fom da ke kwance a aljihun tebur saboda majistare ya tafi ɗaurin aure, ko ɗan sandan da ke riƙe da fayil ya sauka daga aiki, ko likita yana wani gari. A cikin kwanakin nan gawa tana kwance a mutuware, wuta ta ɗauke, babu man janareta, zafin bazara yana aikinsa, har ta kai abin da likita zai gani ma ya lalace, iyalai kuma su karɓi ɗan'uwansu a yanayin da wanka ma sai dai a kwarara ruwa. Duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe in aka yi mutuwa a gidansu ɓoyewa za su yi su binne kafin hukuma ta ji. Don haka ka bar wayarka a kunne, ka ajiye fom a gida da cikin mota, ka sa hannu ko da tsakar dare ne, ko ranar Juma'a, ko ranar Salla.

Sai dai kada tausayi ya sa ka miƙa gawar da ke da magana a bakinta. Za ka ji ana cewa haka Allah Ya ƙaddara, kwana ne ya ƙare, tonawa ba za ta dawo da shi ba. Duk gaskiya ne, amma na sha jin kalaman nan daga bakin wanda hannunsa ke cikin lamarin, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya da su. Ka tuna a Suratul Baƙara, da aka kashe mutum cikin Bani Isra'ila suka yi ta tura wa juna laifi, Allah bai ce su binne su yi haƙuri ba, sai da Ya fito da abin da suke ɓoyewa. A Suratu Yusuf kuma, duba riga aka yi aka ga ta baya ta yage, wannan ya wanke bawan Allah. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a Makka ta zauna a 1987 ta halatta buɗe gawa idan alƙali na bukatar sanin musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, da sharaɗin a tsaya iya bukata. Ka riƙe wannan, domin ba da sashen doka za ka gamsar da limamin unguwa ba.

Akwai wani saurayi ɗan acaba da aka kawo takardarsa ina sabon rijistara. An kama shi da yamma kan rigimar babur, da safe aka ce ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin tsarewa. Mahaifinsa ya zo da kansa yana roƙon a bar maganar, ya ce ya yafe, kuma da ganin idonsa ka san tsoro ne ke magana. Majistaren da nake ƙarƙashinsa, Allah Ya jiƙansa, bai ce masa komai ba, ya ɗauki hularsa ya ce in biyo shi asibiti. Ya sa aka yaye zanen, ya ce a juya gawar. Gaban yaron lafiya lau, bayansa kuwa tun daga kafaɗa har ƙugu shatar duka ce jere kamar kunyar gona, wuyan hannayensa biyu da zoben igiya. Kafin la'asar likita ya gama, ya rubuta karayar haƙarƙari da zubar jini a ciki, kafin magariba an yi masa salla. Da ka tsaya ga takarda kawai, da faɗuwa za ka rubuta. Ka je ka ga gawa da idonka, kuma ka sa a juya ta.

Aikin yana wanke mutum kamar yadda yake tona shi, wannan kuwa mutane ba su cika sani ba. Na ga matar da gari ya taso mata, ana cewa ta ba ɗan kishiyarta guba a kunu, saboda yaron ya sha da safe, cikinsa ya kumbura, kafin azahar ya cika. An riga an fara jifar ɗakinta. Likita ya duba ya tarar da saifar yaron ta kumbura ta tara jini, yaron mai sikila ne ba a taɓa gwada shi ba, babu guba ko kaɗan. Da an binne shi a ranar, da matar nan ta mutu da sunan mai kisa, 'ya'yanta mata ma su rasa masu aure.

Game da likitoci, ka girmama su, don masu wannan fannin ƙalilan ne a ƙasar nan, amma ka koyi karanta rahotonsu. Idan aka rubuto maka cewa zuciyarsa ce ta tsaya, ka mayar da takardar cikin ladabi, domin babu mamacin da zuciyarsa ba ta tsaya ba. Abin da ya tsayar da ita kake nema. Ka kuma yi hattara da taƙaita bincike don ka huta. A filin ƙwallo na Hillsborough a Ingila, a 1989, magoya bayan Liverpool 97 suka rasu sakamakon turmutsutsu, ƙungiyar nan da kai da ƙannenka kuke hana mu barci a kanta. Korona na farko ya ƙi sauraren shaidar abin da ya faru bayan ƙarfe 3:15 na yamma, aka rufe magana a 1991 da cewa hatsari ne. Iyalai suka yi ta fafutuka har aka soke hukuncin a 2012, sai a 2016 sabon zama ya tabbatar da cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. Iyaye da dama sun riga mu gidan gaskiya ba su ji wannan ba.

Manya za su kira ka, wannan kam babu makawa, musamman in gini ne ya rufta ko mutuwar ta faru a hannun masu kaki. Lokacin da masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rushe a Legas a Satumba 2014, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu, shugabannin cocin sun alaƙanta abin da wani jirgin sama da ya yi shawagi a wurin. Majistare ne kamar kai ya zauna watanni yana sauraren shaidu, a 2015 ya rubuta cewa ginin ne ba shi da inganci kuma ba a ba shi izini ba, ya ba da shawarar a gurfanar da injiniyoyin. Kai ma iyakarka ke nan: ka rubuta abin da shaida ta nuna, ka aika wa ma'aikatar shari'a, ka ƙara da abin da ya kamata a gyara don kada wani ya sake mutuwa ta wannan hanya, ko murfin rijiya ne, ko gadar da ta cinye, ko kwalekwalen da ake yi wa lodi fiye da kima. Ka ajiye kwafin kowace takarda a wurinka, don fayil yana da ƙafa.

Kwanakin farko abinci zai gagare ka, warin zai bi ka har cikin riga. Ka ware tufafin zuwa asibiti daban, ka yi wanka kafin ka ɗauki yara, kuma kada ka ba matarka labarin abin da ka gani, balle abokan hira, domin mamacin nan yana da sirri kamar mai rai. In abin ya yi maka nauyi ka kira ni.

Na ba ƙaninka tsohon kwafina na dokar, wanda na yi wa rubutu a gefe, zai kawo maka ranar Asabar tare da kwalbar turaren da mahaifiyarka ta dage sai an haɗa, ta ce ka riƙa ɗiga shi a hankici. Shafi biyu na ƙarshe sun yage, ka nemi cikonsu wajen rijistaranka. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Mahaifinka.