Sanarwa: Zaman daren Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa masu aikin nasiha da sulhu. Ranar Asabar bayan Isha'i za mu tattauna nazariyyar hargitsi, wato yadda ɗan ƙaramin bambanci a farkon al'amari kan jawo babban sauyi a ƙarshensa. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a Amurka, ya sake shigar da lissafinsa cikin kwamfuta, sai ya sa 0.506 maimakon 0.506127. Wannan ɗan ragi ya birkita hasashen baki ɗaya.

Ni dai ya tuna min da gida biyu da na sasanta bara. Shawara iri ɗaya na ba su. Ɗaya ya daidaita, ɗayan ya wargaje, don maigidan ya shigo zaman da yunwa, ya ɗaga murya a gaban surukarsa.

Kowa ya taho da nasa misalin, amma don Allah ban da ambaton suna.